Kiran 911 a shari'ar JonBenét: me ake ji a ƙarshen kaset ɗin da gaske?

"Assalamu alaikum Yaya injiniya. Don Allah tunda aikinka sauti ne ina da tambaya. Na kalli wasu bidiyoyi a YouTube da TikTok a kan yarinyar nan 'yar Amurka JonBenét Ramsey da aka kashe a gidansu, an saka kiran da mamanta ta yi wa 'yan sanda, kuma an ce bayan ta ajiye wayar ba ta katse ba, wai ana jin muryar babanta da ta yayanta duk da sun ce yaron barci yake. Ni dai da na saka iyafis wallahi na ji. Kuma yadda matar take magana ma kamar shiri ne, ko sunan 'yarta ba ta faɗa ba. Wannan bai isa hujja ba? Me ya sa har yau ba a kama su ba?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Tambayarki guda biyu ce kika haɗa a ɗaya, ta farko shin akwai maganar mutane a wancan guntun sautin na ƙarshe, ta biyu kuma shin daga yadda mutum yake magana cikin tashin hankali ana iya gane mai laifi. Ta farkon ita ce sana'ata, na daɗe ina aikin tace murya a gidan rediyo da sutudiyo kuma lauyoyi da masu rigimar cikin gida kan kawo min rikodin in gyara musu, don haka a nan zan fi daɗewa. Amma bari in shimfiɗa labarin tukun saboda waɗanda ba su san shi ba.

Abin ya faru a garin Boulder na jihar Kolorado, washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba 1996. Da ƙarfe 5:52 na asuba Patsy Ramsey ta kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, ta ce an sace 'yarta mai shekara 6, an bar takarda. Takardar nan shafi biyu da rabi ce, ana neman dala 118,000, wanda kusan daidai yake da kuɗin alawus ɗin da mijinta John ya samu a wurin aiki, shi ne shugaban kamfanin Access Graphics a lokacin. An rubuta ta ne da littafin rubutu da alƙalamin cikin gidan, aka sa hannu da haruffan S.B.T.C, aka ce za a kira tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe. Babu wanda ya kira. Wajen ƙarfe 1 na rana jami'a Linda Arndt, wadda ita kaɗai ce 'yar sandan da aka bari a gidan, ta ce wa John ya zagaya gidan shi da abokinsa ko za su ga wani abu, sai ya tarar da gawar yarinyar a wani ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, an liƙe mata baki da salatif, an shaƙe ta da igiya da aka ɗaura a karyayyen icen burushin fenti, ga kuma tsagewa a ƙoƙon kai. Ya cire salatif ɗin, ya ɗauko ta ya hau da ita sama. Allah ya kyauta, yarinya ce ƙarama.

Daƙiƙoƙin ƙarshe

Toh yanzu ga maganar kaset. Gaskiya ne wayar ba ta katse nan take ba, ana jin ma'aikaciyar da ta amsa kiran tana ta kiran sunan Patsy ba amsa, sannan akwai wasu 'yan daƙiƙoƙi, wajen shida, na ƙaraf-ƙaraf da shuuu. A 1997 'yan sandan Boulder sun kai kaset ɗin wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa, ba su fitar da wata magana ba. Sai aka kai wani kamfani a Kalifoniya mai suna Aerospace Corporation, daga can ne aka fito da cewa ana jin namiji yana cewa ba da kai muke magana ba, mace tana kiran Yesu ya taimake ta, da ƙaramar murya tana tambaya me kuka samu. A Satumbar 2016 tashar CBS ta sake tace shi a wani shiri nata ta rubuta kalmomin a allo, kuma da yawa daga cikin bidiyon da kike gani yanzu daga wannan shirin aka yanko su.

Kin ce kin ji da iyafis, kuma ni ban ƙaryata ki ba, na yarda kin ji. Abin da zan tambaye ki shi ne, kafin ki ji ɗin, an rubuta miki kalmomin a ƙasan bidiyon ko ba a rubuta ba? Domin nan ne gaba ɗaya matsalar take. Kunne ba ya aiki shi kaɗai, ƙwaƙwalwa ce take cike gurbi, idan sauti ya dagule kuma aka ba ta jimla sai ta ɗora jimlar a kan ƙarar ta zauna daram, kuma daga ranar ba za ki iya sake jin shi a matsayin ƙara kawai ba, ko kin so. Wata masaniyar ilimin furuci a Ostireliya, Helen Fraser, ta yi shekaru tana gwada wannan da rikodin na ainihi da aka yi amfani da shi a kotu, tana saka wa mutane ba tare da ta faɗa musu komai ba kusan babu mai jin jimlar da 'yan sanda suka rubuta, da zarar ta nuna musu rubutun sai da yawa su ce ai ga ta nan ƙarara, har ma bayan an bayyana musu cewa rubutun ba daidai ba ne wasu ba sa sakin abin da suka riga suka ji.

Akwai kuma shari'ar David Bain a ƙasar Niyu Zilan, wadda ta yi kama da wannan sosai. An kashe mutum biyar 'yan gidansu a Dunedin a watan Yunin 1994, shi ya kira lambar gaggawa yana haki. Bayan shekaru wani ɗan sanda ya saurari kaset ɗin ya ce a cikin hakin yana jin Bain yana cewa shi ya harbe mutumin. Masana sauti suka duba suka ce ba za a iya tabbatar da cewa magana ce ba ma, yana iya zama numfashi ne kawai yake fita da ƙarfi. Kotun ƙolin ƙasar ta hana a saka wa masu yanke hukunci wannan guntun, kuma a 2009 aka wanke shi. Kin ga kotu sukutum ta ji tsoron abin da mu muke saka wa juna a waya muna yanke hukunci da shi.

Sai kuma abin da mutane ba su sani ba game da ita kanta tacewar. A fim ana nuna mutum ya danna maɓalli ɗaya murya ta fito fes, a zahiri ba haka aikin yake ba. Tace sauti kamar tankaɗe ne, rariya tsaki take cirewa, ba ta ƙara garin da babu shi tun farko. Wayar gida ta wancan zamanin tana ɗaukar sauti ne daga kusan 300 zuwa 3,400 a ma'aunin Hertz, alhali kunnen matashi mai lafiya yana kaiwa har 20,000, kuma a can saman da aka yanke ne haruffa irin su s da sh da f suke bambanta da kyau. Ga shi mutanen da ake cewa suna magana ba a bakin wayar suke ba, ga shi a kan kaset aka naɗa, ga ƙarar ɗakin da ake amsa kiran da ƙarar madannai tana shiga ta ɗaya ɓangaren. Idan ka matsa wa manhajar rage ƙara da yawa, ita da kanta tana haifar da wani irin sauti mai kama da ruwa yana ɓulɓula, wanda yake hawa yana sauka kamar muryar mutum, duk wanda ya yi aikin ya san wannan abin. Sannan abin da ke yawo a TikTok kwafin kwafin kwafi ne, an matse shi an sake matsewa, wani ma ya ɗora kiɗan ban tsoro a ƙarƙashi.

Ni a wajen aikina doka ɗaya nake kafa wa duk wanda ya kawo min rikodin, kar ka faɗa min abin da kake zaton an ce. An taɓa kawo min wani na rigimar gado, waya ce a aljihu ga janareto yana ruri, ɓangare ɗaya sun rantse mutumin cewa ya yi zai kashe shi, ɗaya ɓangaren sun rantse cewa ya yi zai kashe su, yana nufin kuɗin. Na tace iya yadda zan iya, na saka wa abokan aiki da ba su san komai a kan rigimar ba, kowa ya saurara shi kaɗai ya rubuta a takarda, wallahi babu biyu da suka rubuta abu ɗaya, wasu ma cewa suka yi ba magana a wurin. Abin da na faɗa wa lauyan ke nan, ba a iya tantancewa, bai ji daɗi ba amma shi ne gaskiyar. Ke ma za ki iya gwadawa, ki nemi guntun da ba rubutu, ki saka wa mai jin Turanci sosai wanda bai taɓa jin labarin ba, kar ki ce masa akwai yaro, kar ki ce masa akwai magana ma, ki ce me ka ji.

Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi, ma'aikaciyar da ta amsa kiran ta fito a shirin na CBS ta ce ita a ranar ta ji kamar Patsy ta canza murya tana cewa to mun kira 'yan sanda yanzu sai me. Wannan jimlar ba ita ce waɗanda suka tace suka fitar ba. Daƙiƙa shida ɗaya, jimloli daban-daban, kuma ita tana tuno abin ne bayan shekara 20 tana jin ana ta maganar a ko'ina. Ban ce ƙarya take yi ba, tunawa ce take da irin wannan halin.

Ra'ayina dai a matsayin mai wannan sana'a, kwafin da ke hannun jama'a bai kai a ce akwai kalmomi a ciki ba. Ainihin kaset ɗin yana wajen hukuma kuma hukuncina a kan abin da ke yawo ne kawai. Kuma ko da a ce gobe an tabbatar muryar yaron ce, abin da ya nuna shi ne yaro ɗan shekara 9 ya farka lokacin da uwarsa take ihu a gida kuma iyayen sun faɗi abin da ba daidai ba a kan haka. Tambaya ce mai nauyi da ya kamata a yi musu, amma tsakaninta da cewa wane ya yi kisa akwai tafiya mai nisa. Shi yaron, Burke Ramsey, hukuma ba ta taɓa tuhumarsa ba, ya kai CBS ƙara a kan wancan shirin yana neman dala miliyan 750, aka sasanta a Janairun 2019. Mutumin yana nan da ransa, don haka a kiyaye harshe a kansa.

Wai muryarta kamar shiri

Wannan ɓangaren ya fi damuna gaskiya, domin ba a intanet kaɗai ya tsaya ba, ya shiga kotuna. Masu sharhi suna cewa ba ta ambaci sunan yarinyar ba, ta ce ni ce uwar, ta yi saurin ajiye waya, ta karanto haruffan ƙarshen takarda alhali ta ce ba ta karanta duka ba. Toh a wajenmu uwa nawa ce ba ta iya faɗin sunan ɗanta na fari ko a gaban likita, saboda kunya? In da wannan ma'aunin za a bi ai da iyayenmu mata da yawa sun shiga uku. Na san Patsy ba Bahaushiya ba ce, abin da nake nufi shi ne babu wata hanya guda da ɗan Adam yake magana idan duniya ta rufto masa, wani ihu, wani shiru, wani ya koma yana magana kamar yana karanta rahoto.

Akwai wani jami'in 'yan sanda a jihar Ohayo, Tracy Harpster, da ya nazarci kira 100 ya fitar da jerin alamomi wai na gane mai laifi daga kiran 911, ya riƙa koyar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara. A Disambar 2022 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta gano an yi amfani da wannan hanya a shari'o'i sama da 100 a jihohi 26, alhali masu bincike, har da na FBI, sun gwada ba su samu sakamakon da ya samu ba. Sannan wani babban nazari na Bond da DePaulo a 2006 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna mutane suna gane ƙarya da gaskiya daidai ne kashi 54 cikin 100, wato kaɗan ya ɗara canki-canka.

Ki duba abin da ya faru da mahaifin Isabel Celis a Tucson, Arizona. Ita ma shekararta 6, ta ɓace daga ɗakinta a Afrilun 2012, babanta ya kira 911 a natse har da ɗan murmushin murya a wani wuri, jama'a suka yi masa ca, shekaru ana nuna shi da yatsa. A 2017 wani mutum mai suna Christopher Clements ya kai jami'ai inda ƙasusuwanta suke, kuma a 2024 kotu ta same shi da laifin kisanta. Uban ba ruwansa. A ɗaya gefen kuma Susan Smith a 1994 ta yi ta sharɓar kuka a talabijin tana roƙon a dawo mata da 'ya'yanta biyu, ashe ita ta tura motar cikin tafki da su a ciki. Mu ma a Kano mun gani a kan Hanifa, mai makarantarsu Abdulmalik Tanko yana cikin waɗanda suka je jajanta wa iyayen, kuma ba fuskarsa ko muryarsa ce ta tona shi ba, bin diddigin waya da wajen karɓar kuɗin fansa ne.

To me ya sa ba a kama kowa ba

Ba wai na ce iyalin ba su da tambayar amsawa ba, kar ki fahimce ni a haka. Akwai abubuwan da suka fi kiran nan nauyi nesa ba kusa ba. Takardar fansar ita ce babba, wane ɓarawon mutane ne zai zauna a cikin gidan mutane ya rubuta shafi biyu da rabi da alƙalaminsu sannan ya bar gawar a gidan? Masu duba rubutun hannu sun cire John, Patsy kuma ba su iya cire ta ba amma ba su tabbatar ita ce ba. An samu abarba a cikin yarinyar kuma ga kwanon abarba a tebur, iyayen sun ce ba su ba ta ba. Sai da aka yi wata huɗu, ƙarshen Afrilun 1997, kafin su zauna a yi musu cikakkiyar tambaya a hukumance. Kuma a 1999 zauren 'yan ƙasa da ke duba ko akwai hujjar gurfanarwa ya amince a tuhumi iyayen biyu da sakaci da ya kai ga mutuwar yarinya da kuma taimaka wa wanda ya yi laifin, amma mai gabatar da ƙara Alex Hunter ya ƙi sa hannu saboda yana ganin ba zai iya tabbatarwa a kotu ba. Ba a ma san da wannan ba sai 2013.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai tagar ɗakin ƙasa da ke fashe da akwati a ƙarƙashinta, akwai sawun takalmi, kuma tsohon mai binciken kisa Lou Smit ya tsaya kai da fata cewa daga waje aka shigo, yayin da jami'i Steve Thomas ya ajiye aiki a 1998 yana ganin ana kare iyalin. Mafi girma shi ne DNA na wani namiji da ba ɗan gidan ba da aka samu a kayan jikinta, aka saka a rumbun bayanan FBI a 2003 kuma har yau bai dace da kowa ba. Da shi mai gabatar da ƙara Mary Lacy ta dogara ta rubuta wa iyalin takardar wankewa a 2008, bayan Patsy ta riga ta rasu a Yunin 2006 da cutar daji, kodayake waɗanda suka gaji Lacy da wasu masana sun ce ta yi gaggawa, a 2016 ma binciken 'yan jarida ya nuna wani ɓangare na samfurin yana iya zama cakuɗen na mutum fiye da ɗaya. Nan kam ba fagena ba ne, ni mai sauti ne, abin da masanan suka faɗa nake kawo miki. Shi ma John Mark Karr da aka kamo daga Bankok a Agustan 2006 bayan ya ce shi ne, DNA ɗin ne ya nuna ba shi ba ne, da bakinsa za a bi da tuni an rufe fayil a kan wanda bai yi ba.

Abin da ya kashe shari'ar nan a ganina safiyar farko ce. An ɗauka satar mutum ce don haka ba a killace gidan ba, abokai da limamin cocinsu suka cika falo, ana shiga ana fita har da goge kicin, ɗan sandan farko ya sauka ƙasa bai buɗe ƙofar ɗakin da gawar take ba, daga baya uban ya ɗauko ta da hannunsa aka kuma sake matsar da ita aka lulluɓe. Duk wata hujja da aka samu bayan nan lauya zai iya cewa gurɓatacciya ce, ko ta nuna ɗan gida ko ta nuna baƙo. Shi ya sa kowane ɓangare na masu hasashe yake da abin riƙewa kuma babu mai iya kayar da ɗaya, sai a koma kan daƙiƙa shida na ƙara tunda shi ne abin da kowa zai iya saka wa a kunnensa ya ji kamar shi ma yana bincike.

'Yan sandan Boulder sun ce sun bi bayanai sama da 21,000 sun kuma yi magana da mutum sama da 1,000, a 2023 kuma kwamitin jihar Kolorado mai duba tsofaffin shari'o'i ya sake bin fayil ɗin. John Ramsey, wanda yanzu ya haura shekara 80, yana ta matsa lamba a yi amfani da hanyar bin dangi ta DNA, irin wadda aka kamo Joseph DeAngelo da ita a Kalifoniya a 2018 bayan shekaru sama da 30 da laifinsa na ƙarshe. Matsalar ita ce samfurin kaɗan ne ƙwarai kuma kowane gwaji yana cinye wani abu daga ciki, shi ya sa hukuma take taka-tsantsan kan wanda za ta ba shi da kuma lokacin da za ta bayar.